Kumburin da na gani a wuyan karena



A garuruwanmu, in rago ya ƙi cin dusa kwana ɗaya, maigida ba ya barci. In saniya ta fara tari, kafin rana ta faɗi an aika kiran malamin dabbobi. Ko kaza ce ta yi sanyi, uwargida za ta jiƙa mata sassaƙen maɗaci. To, kare fa? Kare in ya yi ciwo, sai ya nemi gindin rumbu ya kwanta. In ya tashi, shi ke nan. In bai tashi ba, yara su ja shi da igiya zuwa bayan gari. Haka muka tarar ana yi. Rago kuɗi ne, saniya dukiya ce, kare kuwa ba mu kai shi kasuwa.

Amma ku tambayi mai garkar albasa a Galmi, ko mai garke a dajin Illela, wa ke tsaro in dare ya raba. Malamanmu ma sun ce ajiye kare don tsaron gona, ko garke, ko farauta ya halatta. Ni a ganina, abin da ka ɗaure a gidanka yana yi maka aiki, cinsa da shansa da ciwonsa duk suna wuyanka.

Karena baƙi ne, sunansa Duna. Shekararsa 4. Wasu kan sa wa kare sunan habaici, don in an kira shi maƙwabci ya ji a jikinsa. Ni ba ni da abokin faɗa, launinsa kawai na bi. Tun yana kwikwiyo yake kwana a bakin garken awakina. Tun da ya girma, dila bai ƙara ɗauke mini ɗan akuya ba. Jikokina 3 tare da shi suke wuni. Ƙaraminsu har hawa bayansa yake yi kamar jaki.

Bara, bayan an gama kai gero rumbu, wata safiya na zuba masa ƙanzo a kaskonsa. Sai ya taho kansa a karkace. Na kama kunnensa na duba. A gefen wuyansa, kusa da kafaɗa, ga kumburi kamar ƙwan zabo. Na taɓa, na ji zafi kamar dutsen da ya sha rana. Ya yi ƙara ya ja da baya. Kashegari kumburin ya kai goriba. Duna ya bar ƙanzonsa, kaji suka cinye.

Kafin azahar magana ta kai majalisa, gindin dogon yaro. Nan kowa ya zama likita. Wani ya ce a sa kibiya a wuta a yi masa sakiya. Wani ya ce baƙin man inji za a shafa. Wani saurayi mai tallan magani a keke ya ce yana da ƙwaya mai kai biyu, wadda ke kashe kowane ciwo. Kawuna, wanda ya fi kowa shekaru a unguwar, ya dube ni ya ce: "Kai yaro, kare ne fa. Kai shi daji ka sake shi, ka nemi wani kwikwiyo." Ina da jikoki, amma wurin Kawu har gobe yaro ne ni.

Na saurari kowa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk cikinmu ba wanda ya ga abin da ke cikin kumburin. Fata ta rufe shi. Ruwa ne, jini ne, tsutsa ce, ko nama ne ya tsiro, kowa kintace yake yi.

Na bugi wayar malamin dabbobi na yankinmu. Ya ce kashegari yana kasuwar dabbobi ta wani gari kusa da mu, in same shi can. Na shimfiɗa buhu a amalanke, na ɗora Duna, jikana babba ya riƙe shi, na kora jaki. Muna shiga kasuwa dillalai suka sa dariya. Wani ya ɗaga murya ya ce: "Malam, nawa ka sa masa? Ko na layya ne?" Na ce masa ba na sayarwa ba ne, albashinsa ya zo karɓa.

Malamin dabbobin yaro ne, bai fi sa'ar ɗana ba. Bai yi dariya ba. Ya fara ɗaure bakin karen da tsumma, ya sa safar hannu. Ya aske gashin wurin da reza. Sa'an nan ya soka allura cikin kumburin, ya ja. Sirinji ya cika da mugunya mai wari. Ya ce: "Baba, ka kyauta da ba ka bari an huda ba. Babbar jijiyar jini tana nan kusa. Kibiya ba ta da ido."

Ya tsaga ƙasan kumburin kaɗan, ya matse, ya wanke ramin da ruwan magani har sau uku. Ya yi masa allura. Ya ce kada a rufe bakin ciwon, a bar shi ya riƙa tsiyaya, in riƙa wankewa safe da yamma da ruwan da aka tafasa aka sa ɗan gishiri. Na ba shi labarin mai ƙwaya. Ya girgiza kai. Ya ce maganin ciwon jiki na mutane yana iya ɓata wa kare hanta, ko ƙoda, ko ya huda masa ciki. Baƙin mai kuwa, kare zai lashe shi ya shiga cikinsa. Duk abin da na biya ranar bai kai kuɗin zakara biyu ba.

Har na fara godiya, sai ya ce in matso. Ya nuna mini fatar da ya aske. Ga ƙananan ramuka biyu, sun yi ɓawo. Ya ce: "Baba, kumburin nan zai warke, ba shi ke damuna ba. Wannan sawun haƙori ne. Wa ya cije shi?"

Na tambaye shi dalili. Ya ce in zauna.

Ga abin da ya faɗa mini, ni ma ina faɗa muku. Ciwon haukan kare cikin miyau yake. In mahaukacin kare ya ciji wani, ƙwayar ciwon takan bi jijiya sannu sannu har ƙwaƙwalwa. Ciwon cizon yana iya warkewa sarai, kare ya ci ya sha, ya yi wasa da yara. Bayan mako 2, ko wata 2, wani lokaci har wata 6, sai ya juye. Wani ya yi ta cizon itace da duwatsu da duk abin da ya gitta. Wani kuma ba ya faɗa ko kaɗan. Sai dai haɓarsa ta saki, miyau na zuba, muryarsa ta sauya. Irin wannan ya fi yaudara. Mai shi kan ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya sa hannu cikin bakin don ya ciro. Kada wanda ya yi haka.

In ciwon ya bayyana a jikin mutum, babu magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Cikin kowane 10 da ya kashe, wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kusan dukansu ta bakin kare suka samu. Da ya faɗi haka, ƙaramin jikana na tuna, da yadda yake rungume wuyan Duna.

Malamin ya tambaye ni ko an taɓa yi wa Duna allurar hauka. Na ce ba a taɓa ba. Allurar shanu ta ciwon huhu da ta awaki da tumaki muka saba gani kowace shekara. Ya ce to, hanya biyu ce. In ba a ga karen da ya yi cizon ba, sai a tsare Duna wata 6 ba mai taɓa shi, ko a kashe shi. In kuwa an gan shi, magana ta yi sauƙi. Karen da hauka ta kai miyansa ba ya daɗewa. In ya kwana 10 bayan cizon yana nan lafiya, to ranar da ya yi cizon bakinsa ba ciwo. Ya ce shi ya fi son a cika kwana 15, don hankali ya kwanta.

Jikana babba ne ya warware mana. Ya ce dare 7 da suka wuce an yi faɗan karnuka a bayan gidanmu, a kan wata karya. Ya leƙa da fitila, ya ga wani jan kare mai dogayen ƙafafu ya danne Duna. Karen Fulanin da suka sauka a gonar Kawu ne.

Muna komawa gida na kafa turke a lungu, na kewaye shi da zana, na ɗaure Duna. Na hana kowa shiga. Ni kaɗai ke ba shi abinci, ni ke wanke ciwon, hannuna cikin leda. Ƙaramin jikan ya yi kuka har ya gaji. Uwargida ta ce: "Malam, in abin zai zama masifa, gara a rabu da shi tun yanzu." Na ce ta ba ni kwana 8.

Da sassafe na sayi goro na nufi ruga. Kun san yadda kaka take. Makiyaya sun sauko, shanu na cin kara suna zuba taki, amma zukata ba su cika kwanciya ba. Ardo na hango ni ya miƙe. Mun gaisa, na tambayi garke, na tambayi iyali. Bai bari na zauna ba ya ce: "Malam, shanunmu ba su taɓa rumbun kowa ba." Na ce: "Ardo, ba ta shanu ta kawo ni ba. Ta kare ce." Ya dube ni, ya dubi goron, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce tun da yake kiwo ba a taɓa kawo masa ƙarar kare ba.

Ya yi fito, jan karen ya taho da gudu yana kaɗa wutsiya. Idonsa garau. Amma kunnensa ɗaya a yage yake. Da na gama yi wa Ardo bayani, dariya ta ƙare. Ya kama kunnen ya duba, ya ce: "Ashe ni ma ina da ƙara. Wannan aikin naka ne. In nawa na iya sa wa naka, ai naka ma na iya sa wa nawa." Gaskiyarsa. Shi ma ƴaƴansa da karen suke kwana. Muka yi alkawari, kowa ya sa wa nasa ido, ya sanar da ɗan'uwansa. Ya ce nan da kwana 3 za su tashi. Ya gaya mini rijiyar da za su sauka, muka karɓi lambar juna.

Kwanakin nan sun yi mini tsawo. Kumburin Duna ya saɓe tun kwana na uku, ya koma cin ƙanzonsa. Amma in ya yi haushi da dare, sai in tashi in saurara ko muryarsa ta sauya. Ardo ya bugo sau biyu, ya ce lafiya lau. Ranar da kwana 15 suka cika, na hau kabu-kabu na tafi da kaina, don zuwa da kai ya fi saƙo. Na tarar da jan kare yana lasar tsala a sakaina, kunnen ya warke. Na yi hamdala. Ardo ya sa aka dama mini fura.

Muna shan fura ya ba ni labarin bushiya, yadda mahaifinsa ya ba shi. Ciwon nan kan share garke cikin mako guda. A 1962 aka fara babbar allurarta a Nijar da Nijeriya da Cadi da Kamaru. Duk saniyar da aka yi wa, a huda mata kunne don shaida. Ya ce da fari makiyaya gudu suke yi da shanunsu in sun ji motar masu allura. Daga baya su da kansu suke kora garke su kai. A 2011 aka yi shela cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. Yaran yanzu sunanta kawai suke ji. Ardo ya ce in allura ta iya da bushiya, mene ne haukan kare?

Da malamin dabbobi ya zo garinmu a kan babur don ya duba ciwon Duna, sai ga abin mamaki. Mutanen da suka yi mini dariya suka fara fitowa ɗaya ɗaya, kowa da igiya a hannu. A ranar na gane kumburi iri iri ne, ko da a ido kamarsu ɗaya.

Wani yaro ya kawo kwikwiyo, cikinsa duk ƙananan marurai, kowane da ɗan rami a tsakiya. Malamin ya shafa man kaɗanya a bakin ramin, ya jira kaɗan, ya matsa. Sai ga farar tsutsa ta fito, mai ƙiba. Wani ƙuda ne ke zuba ƙwai cikin rairayi a inuwa, inda fitsari ya jiƙa. Kare ya kwanta, tsutsar ta shige fata. Tana shiga jikin jarirai ma, in an shanya tsummansu a ƙasa. Maganin abin shi ne share makwancin kare, da shanya tufafi a igiya cikin rana.

Maƙwabcina ya kawo tsohuwar karyarsa. Ita nata ƙullutun a nono yake. Ba zafi, ba ruwa, tauri kamar dutse, ya kai dunƙulen hannu, har ya fashe. Ya ce tun damina biyu da suka wuce ya gan shi kamar ƙwayar gujiya, amma da yake ba ya yi mata ciwo sai ya ƙyale. Malamin ya soka allura, ba abin da ya fito. Ya ce ƙari ne. Irin wannan na nonon karya, wajen rabinsu ciwon daji ne. Yana ƙarami ana iya yanke shi, ta rayu. In ya girma yakan bi jini ya kai huhu. Ya saurari ƙirjinta, ya ce lokacin yanka ya wuce. Ba ta kai bazara ba. Wannan ya ba ni tsoro fiye da na Duna. Kumburin da ya yi zafi ya hana kare ci, shi ya warke cikin mako guda. Wanda ya yi shiru, shi ya yi kisa.

Akwai kuma wani mafarauci da ya ja malamin gefe, yana jin kunya. Karensa na ɗigar da jini ta gaba, ga wani jan nama ya tsiro a wurin. Ya ɗauka sammu ne. Malamin ya ce wannan ƙari ne da karnuka ke sa wa juna wajen barbara. Ba ya kama mutum. Wani likitan dabbobi na ƙasar Rasha ne ya fara nuna yana yaɗuwa daga kare zuwa kare, tun 1876. Yana jin magani ƙwarai. Allura ce ta jijiya, sau ɗaya a mako, mako 4 zuwa 6. Amma sai an tsare karen har ya warke, in ba haka ba ya raba wa duk karnukan gari.

Kawu na zaune a kan tabarmarsa yana kallo. Bai ce kome ba sai da aka zo maganar ƙafa. Malamin ya ce in kun ga bororo a ƙafar kare, da farin zare na leƙowa, ku ɗaure shi nesa da tabki, ku sanar da likita ranar. Kawu ya ce: "Kurkunu ke nan!" Ya ɗaga wandonsa ya nuna tabon da ya hana shi noma damina guda yana saurayi. An tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu a 2013. Amma a Cadi ya ɓulla a jikin karnuka, har a 2019 aka ƙirga fiye da 1,900 da suka kamu. Tun daga ranar Kawu bai ƙara cewa a kai Duna daji ba.

Ga wanda kare ya ciza, ko ya yakushe, ko ya lashi ciwonsa, abin yi ɗaya ne. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana cuɗawa, har minti 15. Kada a tsaya ƙona gashin karen a shafa. Kada a ɗaure da ganye. A tafi gidan likita ranar, a nemi allurar hauka, a kuma cika ta har ƙarshe, don ba sau ɗaya ake yi ba. Tsohuwar allura ce. A Faransa, a 1885, Louis Pasteur ya fara yi wa wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza, yaron ya rayu har ya tsufa. Amma tana aiki ne in an yi ta kafin ciwon ya bayyana. Karen da ya yi cizon kuwa, in ana iya kama shi ba haɗari, a tsare shi a sa masa ido, a kira malamin dabbobi.

Allurar kare ta fi ta mutum arha nesa ba kusa ba. Masana sun ce in an yi wa kare 7 cikin kowane 10 na gari, ciwon ba ya samun hanyar wucewa. An gwada a Njamena, babban birnin Cadi, a 2012 da 2013. Haukan kare ya ɓace a birnin har watanni, sai da karnukan waje suka sake shigo da shi. Shi ya sa ba a yi sau ɗaya a bari.

Wahalar ita ce, maganin ba ya son zafi. Cikin ƙanƙara ake ɗauko shi daga Ƙonni. Kwalbar da malaminmu ke kawowa ta kare 10 ce, in an buɗe ta kuma ba ta kwana. Don haka ba zai tako don kare ɗaya ba. Bara mun haɗa 10, har da Duna, muka raba kuɗin mai. Ardo ya yi wa nasa a inda ya sauka, ya bugo ya gaya mini.

Yanzu shekara ta kewayo, lokacin sabuntawa ya yi. Ni da jikana mun bi gida gida mun ƙirga karnukan unguwarmu, mun sami 31. Ke nan muna neman 22 aƙalla. Zuwa jiya an rubuta 14. Duk mai karen da ya kai wata 3 da haihuwa, ya je zauren mai unguwa bayan la'asar ya ba da sunansa. Makiyayan da suka sauka a gonakinmu su ma su zo. Ranar allura kowa ya taho da igiyarsa, da tsumman ɗaure baki.